Ya yi jiya, zai yi gobe? Tambayoyi da amsoshi kan hasashen da aka gina bisa nasarar baya

Waɗannan tambayoyi suna yawan fitowa daga bakin masu zuba jari, masu ɗaukar ma'aikata, masu bin wasanni, da ɗaliban da ke koyon auna hujja. Yawancinsu kan taso ne bayan wani ya shimfiɗa wa mutum tarihin nasara a gabansa ya ce, "Ga shi nan, gani ya kori ji." An fara da masu sauƙi.

Wace irin hujja ce ake magana a kanta?

Duk maganar da ta ɗauko abin da ya faru ta ce shi ne zai sake faruwa. Asusun zuba jarin nan ya ba da riba shekara biyar a jere, don haka zai bayar a ta shida. Ɗan wasan nan ya ci ƙwallo ashirin bara, a saye shi. Gadar nan ta shekara arba'in tana ɗaukar manyan motoci, ba abin da zai same ta. Kowace daga cikinsu a kan ƙafa biyu take tsaye. Ɗaya a fili take, wato tarihin da aka zayyana. Ɗayar a ɓoye, wato zaton cewa abin da ya haifar da tarihin yana nan yadda yake. Mai hujja zai cika maka kunne da lambobi a kan ta farko, ta biyun kuwa da wuya ya ambace ta, kuma a nan ya kamata ka tsayar da shi.

Kenan kuskure ne a dogara da abin da ya wuce?

A'a, ai ba mu da wani abin dogaro sai shi. Masanin falsafa David Hume, ɗan Sikotland, ya nuna a 1748 cewa hankali tsantsa ba zai iya tabbatar da gobe za ta yi kama da jiya ba, domin in ka ce "ai kullum haka muke gani", ka kafa hujja ne da ainihin abin da ake tuhuma. Duk da haka Hume bai daina tsammanin fitowar rana ba. Tambayar da ke da amfani ita ce wane tarihi ne yake ɗaukar nauyin da aka ɗora masa.

Kwatanta abu biyu. Bertrand Russell ya ba da misali a 1912 da kazar da mai ita ke watsa wa hatsi kowace safiya. Kullum tana ƙara sakin jiki da shi, har ranar da ya zo ya murɗe mata wuya. Shi kuwa Edmond Halley, a 1705, ya duba bayanan tauraruwa mai wutsiya da aka gani a 1531 da 1607 da 1682, ya ce guda ɗaya ce take zagayowa, kuma za ta dawo wajen 1758. Ya rasu a 1742, aka gan ta a Disambar 1758. Kaza ta ga hatsi sau ɗaruruwa ta yi kuskure, Halley da gani uku kacal ya dace. Bambancin shi ne Halley yana riƙe da ka'idar Newton da ta bayyana dalilin zagayowar, ita kuwa kaza ba ta taɓa tambayar me ya sa ake ciyar da ita ba.

To ta yaya zan gane tarihin da za a iya jingina da shi?

Fara da tambayar da kazar ba ta yi ba: me ya jawo wannan sakamako, kuma yana nan har yanzu? In asusun ya yi riba ne saboda wani manaja, shin manajan bai bar aiki ba? In kamfani ya yi ciniki ne lokacin da ba shi da abokin gogayya, yanzu fa? In mai hujja ya kasa faɗin dalili, sai dai ya maimaita "ai ka ga lambobin", to lambobin ba su wuce labari ba.

Bayan dalili sai ka tambayi sau nawa aka gwada, su waye ba a sa cikin lissafin ba, kuma wa ya zaɓi shekarar da aka fara ƙirge. Kowanne yana da tasa amsar a ƙasa.

Sau nawa abu zai tafi lafiya kafin in ce ba shi da haɗari?

Fiye da yadda zuciya ke so. Masu ƙididdiga suna da wata 'yar dabara mai sauƙin riƙewa: in an gwada abu sau da dama ba a ga matsala ko ɗaya ba, raba 3 da adadin gwajin, abin da ka samu shi ne iyakar haɗarin da ba ka kawar ba tukuna, bisa tabbacin kashi 95 cikin 100. Magani ya wuce lafiya a jikin mutum 30? Har yanzu yana iya cutar da mutum ɗaya cikin 10. Mutum 300? Ɗaya cikin 100. Wannan ma sai in gwaje-gwajen sun yi kama da yanayin da za a shiga.

Kafin 28 ga Janairun 1986, kumbunan Amurka masu zuwa sararin samaniya su dawo sun yi tafiya 24 ba a rasa ko ɗaya ba. A lissafin nan, 24 ba ta kawar da haɗarin ɗaya cikin 8 ba. Kuma tafiye-tafiyen ba su kasance sumul ba: injiniyoyi sun sha ganin alamar ƙuna a zobban robar da ke toshe mahaɗar rokoki, amma da yake kumbon ya dawo, sai aka riƙa ɗaukar hakan a matsayin shaidar cewa ba komai. A ranar nan ta 28 ga Janairu, da aka harba kumbon Challenger, an yi sanyin da ba a taɓa harba kumbo a cikinsa ba. Daƙiƙa 73 da tashi ya tarwatse da mutum bakwai. A zaman kwamitin bincike, masanin kimiyya Richard Feynman ya tsoma guntun robar cikin ruwan ƙanƙara a gaban kyamarori, kowa ya ga yadda ta sandare ta ƙi komawa siffarta. Nasarori 24 ɗin ba su ce komai game da irin wannan sanyi ba.

Mutum ya yi shekara goma yana doke kasuwa, wato ribarsa tana zarce ta kasuwar hannun jari a jimlace. Wannan ba gwaninta ba ce?

Tana iya zama ita ce, amma ka fara tambayar mutum nawa ne suka shiga gasar. Na taɓa sa ɗalibai 32 su miƙe tsaye, kowa da kwandala a hannu, na ce duk wanda tasa ta faɗi ta baya ya zauna. Bayan jefawa biyar mutum ɗaya ya rage, wata yarinya mai shiru-shiru da ke zama can ƙarshen aji. Muka tafa mata, na ce ta bayyana mana sirrinta. Abin da ya ba ni dariya shi ne wani daga gefe ya ce shi dama ya lura da yadda take karkata babban yatsa. Cikin mutum 32, lissafi ya nuna ana sa ran ɗaya zai jera biyar. Cikin dubban manajojin kuɗi, dole a samu masu jera shekaru ko da babu mai wata baiwa a cikinsu.

Bill Miller ya jagoranci wani asusu a kamfanin Legg Mason da ya zarce ma'aunin S&P 500 na kasuwar hannun jarin Amurka shekara 15 a jere, daga 1991 zuwa 2005. Shi da kansa ya amince cewa kalanda ta taimaka, don da a wani wata ake rufe shekara ba Disamba ba, da jerin ya katse. A 2008 asusun ya yi asarar fiye da rabin darajarsa. Ban ce mutumin ba shi da basira ba. Abin da nake cewa shi ne jerin shekarun kaɗai bai isa ya raba basira da dace ba, kuma waɗanda suka kawo kuɗinsu a 2006 saboda jerin su ne suka sha wuya.

Wani yana turo min hasashe ta waya, sau shida duk ya faɗi daidai. Yanzu yana neman in biya. In yarda?

Ga yadda ake ƙera irin wannan "gwani". Ya samu lambobin waya 6,400. Makon farko ya gaya wa rabi farashi zai hau, ya gaya wa rabi zai sauka. Duk abin da ya faru, mutum 3,200 sun ga ya faɗi daidai. Ya watsar da sauran, ya sake raba waɗannan biyu. Sai 1,600, sai 800, sai 400, sai 200. A mako na shida akwai mutum 100 da suka ga hasashe shida ba kuskure, kuma kowannensu zai iya rantsuwa cewa da idonsa ya gani. Kai ɗaya ne daga cikin ɗarin nan, ba ka da hanyar ganin sauran 6,300. Tarihin da ya cancanci kallo shi ne wanda aka wallafa a fili kafin abin ya faru, duka da wanda ya ci da wanda ya faɗi, a wurin da mai shi ba zai iya gogewa ba.

Me ya sa zakaran bara yakan ba da kunya bana?

Domin sakamakon da ya yi fice sosai yawanci gwaninta ce ta haɗu da sa'a, ita kuwa sa'a ba ta sa hannu a kwantiragi. Francis Galton ya bayyana wannan a 1886, da ya auna tsayin manyan 'ya'ya 928 na iyalai 205. Ya ga 'ya'yan dogaye dogaye ne, amma a jimlace ba su kai iyayensu ba. 'Ya'yan gajeru kuma sun ɗan ɗara nasu iyayen. Ana kiran abin komawa matsakaici. Leicester City ta ƙare ta 14 a gasar Firimiya a kakar 2014/15, ta ɗauki kofi a 2015/16, ta dawo ta 12 a kaka ta gaba, har aka sallami koci Claudio Ranieri a Fabrairun 2017. Wanda ya yi hasashen kakar 2016/17 da kofin kaɗai ya yi kuskure fiye da wanda ya duba shekaru da dama.

Inda abin ya fi yaudara shi ne wajen gane me ya yi aiki. Daniel Kahneman, wanda ya samu kyautar Nobel a 2002, ya ba da labarin wani mai koyar da tuƙin jirgin yaƙi a Isra'ila da ya ce masa yabo ɓata ɗalibi yake: in ya yaba wa wanda ya yi bajinta, karo na gaba sai ya gaza hakan, in kuma ya daka wa wanda ya yi kwaɓa tsawa, sai ya gyaru. Abin da malamin ya gani gaskiya ne, fassararsa ce ta kauce. Bayan rana mai kyau fiye da kima sai a sauko, bayan mummuna fiye da kima sai a ɗan hau, ko an yi tsawa ko ba a yi ba. Haka ma mai ciwo: yakan nemi magani ne ranar da ciwon ya kai ƙololuwa, duk abin da ya sha a ranar shi zai kwashi yabo.

An nuna min jerin waɗanda suka bi hanyar nan suka yi nasara. Me ya rage?

Waɗanda suka bi ta suka faɗi. A yaƙin duniya na biyu, sojojin Amurka suna son sanin inda za su ƙara wa jiragensu sulke, sai aka riƙa ƙirga ramukan harsashi a jikin waɗanda suka dawo. Ramukan sun fi yawa a gangar jiki, ba su da yawa a wajen inji. Masanin lissafi Abraham Wald, a 1943, ya gina lissafinsa a kan jiragen da ba su dawo ba: ƙarancin rami a inji ba ya nufin ba a harbin inji, yana nufin wanda aka sama a inji bai iso gida an ƙirga shi ba.

Kamfanin zuba jari yana iya buɗe asusu ashirin, ya rufe waɗanda suka yi asara ko ya narkar da su cikin wasu, bayan shekara goma ya buga talla da biyar ɗin da suka rage. Babu ƙarya ko ɗaya a tallan. Haka mai cewa tsohon gini ya fi na yanzu ƙarko, alhali tsohon ginin da ba shi da ƙarko ya riga ya rushe. Tambayar ita ce: nawa aka fara da su?

Abu ya daɗe bai faru ba. Lokacinsa bai yi ba?

Wannan kuskuren ɗan'uwan na sama ne, fuskarsa ce kawai ta juya. A watan Agustan 1913, a gidan cacar Monte Carlo, ƙwallon faifan caca ya faɗa baƙi sau 26 a jere, mutane suka yi ta zuba kuɗi a kan ja suna cewa ai yanzu dole ya zo. Faifai ba shi da ƙwaƙwalwa, kwandala ma haka. Ambaliyar da injiniyoyi ke kira ta shekara ɗari ma'anarta damar kashi 1 cikin 100 a kowace shekara; tana iya zuwa shekara biyu a jere, kuma wanda ya zauna a wurin shekara 30 yana da kusan kashi 26 cikin 100 na ganinta.

Sai dai a yi hattara, ba komai ne kwandala ba. Taya da ta daɗe ba ta fashe ba ta fi kusa da fashewa, don tana cinyewa. Ko masana sun yi ta jayayya a kan ɗan ƙwallon kwando da hannunsa ya "yi zafi", wato wanda ya jera cin ƙwallo har ake zaton zai ci gaba da ci: wani bincike na 1985 ya ce ruɗu ne, wani na 2018 ya gano kuskure a lissafin farkon ya ce akwai ɗan abu a ciki. Dole dai a koma ga tambayar dalili da aka yi bayani a sama.

Ai kasuwar hannun jari kullum tana farfaɗowa, ko ba haka ba?

Wace kasuwa, kuma cikin shekara nawa? Ma'aunin Nikkei na Jafan ya kai 38,915 a ranar 29 ga Disambar 1989, bai sake taka wannan matsayi ba sai Fabrairun 2024, shekara 34 kenan. Ma'aunin Dow Jones na Amurka ya kai 381 a Satumbar 1929, ya faɗo 41 a Yulin 1932, bai koma inda yake ba sai Nuwambar 1954. Gaskiya ne waɗannan lambobi ba su haɗa da ribar da kamfanoni ke raba wa masu hannun jari ba, wadda takan rage tsawon jiran. Amma wanda ya zuba kuɗinsa a kasuwar Rasha kafin juyin juya halin 1917 bai ga wata farfaɗowa ba sam, kuma kasuwarsa ba ta cikin jadawalin da ake nuna maka, kamar jiragen Wald.

Ka kuma lura da inda layin jadawali ya fara. Wanda ya fara ƙirge daga 2009, bayan an faɗi ƙasa warwas, zai nuna maka hawa mai ban sha'awa. Ce masa ya ja layin baya zuwa 2007 ku sake kallo tare.

Tarihin da babu tangarɗa ko ɗaya a cikinsa fa? Ba shi ne mafi aminci ba?

Shi ne ma ya fi tayar min da hankali. Bernard Madoff ya shekara da shekaru yana nuna riba mai santsi, kasuwa ta hau ko ta sauka. Wani mai nazarin kuɗi, Harry Markopolos, ya kai ƙorafi hukumar da ke kula da hada-hadar hannun jari ta Amurka tun 2000, yana cewa lambobin ba za su yiwu ba. Asiri bai tonu ba sai Disambar 2008: kuɗin sabbin shiga yake biyan tsofaffi da su, dala biliyan 65 da ke rubuce a takardun mutane kuwa yawancinsu babu su. An yanke masa ɗaurin shekara 150. Santsin da ya jawo masa jama'a shi ne alamar da ta fallasa shi ga mai lura.

Ba sai da damfara ba ma. Akwai dabarun da ke kawo 'yar riba kullum sannan su kwashe komai rana ɗaya. Asusun Long-Term Capital Management, wanda aka kafa a 1994 kuma biyu daga cikin jagororinsa suka samu Nobel a 1997, ya yi ribar kusan kashi 40 cikin 100 a 1995 da 1996. Da Rasha ta kasa biyan bashinta a Agustan 1998, ya yi asarar kusan dala biliyan 4.6 cikin 'yan watanni, sai da bankuna suka haɗu suka tallafe shi. Shekarun ribar ba su nuna girman ramin da ke ƙasa ba, don ba a taɓa faɗa masa ba tukuna. Duba amsar da ke kan Challenger.

Batun mutum fa? Ba a ce hali zanen dutse ba?

A nan tarihi yana da ƙarfi, amma a kan abin da ke hannun mutumin. Wanda ya saba makara, ko ya saba cin bashi bai biya ba, ko ya saba cika alkawari, wannan ɗabi'a ce da aka gani sau da yawa kuma shi ke da iko da ita, don haka jiya tana faɗin gobe sosai. Sakamako kuwa wani abu ne daban. Mai tallan da ya fi kowa ciniki bara wataƙila yankin da aka ba shi ne mai albarka. Likitan tiyata da ya fi rasa marasa lafiya wataƙila shi ake kai wa waɗanda kowa ya gudu. Kuma ƙwarewa a aiki ɗaya ba ta bin mutum zuwa wani: gwanin ɗan wasa ba lallai ya zama gwanin koci ba. In za ka ɗauki mutum aiki, tambaye shi yadda ya yi abin, mataki-mataki, da me ya lalace a hanya. Wanda sa'a ta ɗauka yakan rasa abin faɗi a nan.

Aikina sabo ne, ba shi da tarihi. Da me zan yi hasashe?

Da tarihin ire-irensa. Kowane mai aiki yana ganin nasa daban ne, shi ya sa kiyasinsa kan yi kyau fiye da kima. An kiyasta gidan wasan opera na Sidni a Ostireliya zai ci dalar ƙasar miliyan 7 a gama shi a 1963. An buɗe shi a 1973 bayan ya ci miliyan 102. Nemo ayyuka goma ko ashirin masu kama da naka, har da waɗanda aka watsar a hanya, ka ga yadda suka ƙare, ka fara daga nan. Bayan haka ne za ka gyara lissafin da abin da ya bambanta naka, kuma da ɗan kaɗan.

In wani ya ce "wannan karon daban ne", in saurare shi?

Saurare shi, domin wani lokacin da gaskiyarsa. Kodak ta mamaye kasuwar fim ɗin ɗaukar hoto kusan ƙarni guda, injiniyanta ne ma ya ƙera kyamarar dijital a 1975, amma ta nemi kariyar fatara a 2012. Wanda ya ce "daban ne" a wancan lokaci ya fi mai riƙe da tarihin shekara ɗari gaskiya. Sai dai jimlar nan ita ce kuma ake rerawa a ƙololuwar kowane tashin farashi, kamar na gidaje a Amurka kafin 2008.

Abu biyu za ka nema a wurinsa. Ya ambaci takamaiman abin da ya canza, da yadda canjin ya taɓa dalilin da ya haifar da tarihin. Sannan ya faɗi abin da in ya faru zai yarda ya yi kuskure, da lamba da rana. Shi ma mai cewa "ba abin da ya canza" haka za ka yi masa. Ni nakan ɗauko takarda in ce mu rubuta: kaza zai kai kaza kafin ranar kaza, kowa ya sa hannu, mu ajiye. Da yawa a nan suke fara cewa ai ba haka suke nufi ba, su dai a jimlace suke magana. Wasu kuma sukan karɓi biron su rage lambar da suka faɗa da baki kafin su rubuta.